Tafkin Da Ake Yankawa Da Zarto

Idan hunturu ya kankama a Kongolam, watau daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu, tun da assalatu za ka ga direbobin da suka kwana bakin iyaka, masu nufin Damagaram da masu komowa Daura, sun kewaye mai shayi, kowa ya duƙunƙune cikin bargo. Almajirai sun matsa jikin wuta da allunansu, mai alwala kuwa sai ya yi shawara da zuciyarsa kafin ya karkata buta. Wannan ita ce matuƙar sanyin da mutumin ƙasar Daura ya sani. Amma duk tsananinsa ba a taɓa wayar gari aka tarar ruwan randa ya sandare ba. Ƙanƙara iri biyu kaɗai aka sani a nan: wadda ke faɗowa tare da ruwan sama ta kakkarya shuka, da wadda ake yi da inji ana sayarwa a kasuwa, tana tsada in azumi ya faɗo cikin bazara.

To, ka sani ya kai mai karatu, can arewacin duniya akwai ƙasashe, kamar su Finlan da Suwidin da Rasha da Kanada, inda tafki sukutum, wanda in ka tsaya wannan gaɓa ba ka hango waccan, yakan daskare ya zama dandamali guda, ya yi wata huɗu ko biyar a haka. Mutanen can kuwa suna da ayyukan da suke ajiyewa musamman sai wannan lokaci ya zo. Cikinsu har da shimfiɗa bututun ruwa a ƙarƙashin tafki. Sukan hau bisa ƙanƙarar da motoci da kaya, su tsaga ta da zarto tun daga wannan gaɓa har waccan, su zura bututun ta cikin tsagar, ya sauka ya kwanta a ƙasan ruwa. Watau dai abin da suke tsaye a kansa shi suke yankawa, kuma kwanakin da suke da su ƙidayayyu ne.

Labarin ruwa mai ɗaukar kaya ba baƙo ba ne ga ma'abota littattafai. A shekara ta 309 ta Hijira, daidai da 921, Halifa Muƙtadir ya aika da jakadu daga Bagadaza zuwa ga sarkin Bulgar na bakin kogin Bolga, cikinsu akwai Ahmad Ibn Fadlan. Sanyi ya tsare su a Jurjaniyya ta ƙasar Huwarizma. Ya ba da labari cewa kogin Jaihuna, wanda yau ake kira Amu Darya, ya daskare wata 3, dawaki da alfadarai da kekunan kaya suna bi ta kansa kamar hanya, kuma kaurin ƙanƙarar ya kai taƙi 17. Bayan shekara wajen 300 sai Yaƙutul Hamawi, mai littafin Mu'ujamul Buldan, wanda shi ma ya je Huwarizma da ƙafarsa, ya ƙaryata wannan adadi, ya ce iyakar abin da kogin ke yi taƙi 5 ne. Ya kuma ambata cewa mutanen wurin sukan fasa ƙanƙarar su yi rijiya a cikinta, su ɗebi ruwan sha daga ƙasa. Awon zamanin yanzu ya goyi bayan Yaƙutu, gama taƙi 5 ya ɗara mita 1 kaɗan, kuma tafkin Baikal na Sabiriya ma, duk da sanyin ƙasar, kusan haka ƙanƙararsa ke yi. Taƙi 17 kuwa ya doshi mita 4. Mai yiwuwa baƙon da sanyi ya gigita ya karɓi maganar 'yan gari bai auna ba. Shi kuwa wannan aiki da ake magana a kansa, wanda ya karɓi kaurin ƙanƙara da ji, bai auna ba, shi ne ke kwana a ƙasan tafki.

Tambayar da mai hankali zai fara yi ita ce, in tafki ya daskare, ina amfanin bututu a cikinsa, ai shi ma ruwan cikinsa sandarewa zai yi. Amsar tana cikin wata ɗabi'a da ruwa ya keɓanta da ita. Galibin abubuwa in suka yi sanyi sai su tsuke su ƙara nauyi. Ruwa ma haka yake yi, amma sai ya sauko digiri 4 a ma'aunin Salshiyas ya tsaya. Daga nan zuwa sifiri sai ya juya yana sakewa, in ya daskare kuwa girmansa ya ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100. Wannan ne ya sa kwalbar da aka cika fal aka sa a firji take fashewa, kuma shi ya sa ƙanƙara ke yawo a saman kofin zoɓo ba ta nutsewa. Saboda haka tafki daga sama yake daskarewa. Ruwa mai digiri 4, da yake shi ya fi nauyi, sai ya taru a ƙasa, ƙanƙarar sama ta zame masa murfi, kifi na ta harkarsa a ciki har bazara. Bututun da ya kwanta can ƙasa yana cikin ɗumi, in an gwada shi da iskar waje mai digiri 30 ƙasa da sifiri. Malaman fiƙihu ma sun san ƙanƙara ruwa ce ba ta sake hali ba, shi ya sa a Malikiyya aka lissafa abin da ya narke bayan daskarewa cikin ruwa mai tsarkakewa, kamar yadda yake a farkon babin tsarki na Muhtasar.

Ɗauki Finlan misali. An ƙirga tafkunanta a 1987 aka sami 187,888, ruwa ya ci wajen ushirin ƙasar. Ƙauye yana wannan gaɓa, gidan ruwa yana waccan, wani ƙauyen ma a tsibiri yake. In aka ce a zagaya da bututu ta tudu, hanyar sai ta ninka sau da yawa, ga gonaki da dazuzzukan mutane da za a biya diyya, ga ƙasar kuma fā ne, in an kau da 'yar ƙasar sama sai a ci karo da dutse wanda sai da nakiya. Bugu da ƙari sanyi yakan ratsa ƙasa mita 1 zuwa 2, can arewa ma ya fi, dole a binne bututu ƙasa da nan, in ba haka ba ya daskare ya fashe. Amma ƙasan tafki shimfiɗaɗɗe ne, ba mai gona a wurin, ba sanyi mai fasa bututu. Shi ya sa suka mai da tafkunansu hanyar bututu, na ruwan sha da na ruwan ƙazanta duka.

Ana yin aikin da rani na can ma, da kwale-kwale da jirgin kaya. Sai dai bututu mai tsawon kilomita in yana yawo bisa ruwa, iska ta kaɗa shi nan, igiyar ruwa ta kai shi can, da wuya ya sauka inda aka nufa. Bisa ƙanƙara kuwa mai awo zai kafa turakunsa ya ja layi ɗoɗar kamar magini, lebura ya taka da ƙafarsa, mota ta kawo kaya har inda ake so, ba a ɗauki hayar jirgi ba. Mutumin ƙasar Hausa ya san irin wannan hikima sarai, ko da yake da wata riga. Mai haƙar rijiya ba ya sauka sai ƙarshen rani, lokacin da ruwa ya gudu can ƙasa, don in ya same shi a lokacin ya san ba zai ƙafe ba. Fatake na dā suna jiran koguna su janye kafin ayari ya tashi. Mai ƙetarar da bututu ta gindin kogi, ko na garin Kano da ke shan Challawa tun farkon shekarun 1930 zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ko na ƙasar Daura da ke duban madatsar Sabke, ya san yashin rani ne ke ba shi wurin tsayawa, kuma in ya yi nawa ruwan farko zai cike masa rami. Rani ke aron wuri a nan, sanyi ke aronsa a can.

Lissafin nauyi

Ga inda 'yan kasuwa za su ji daɗin labarin, gama aikin duka lissafi ne. Ƙanƙara mai kaurin santimita 10, watau faɗin tafin hannu, tana ɗaukar mutum guda yana tafiya. Ƙaramar mota sai ta kai santimita 20 zuwa 30. Wani masani na ƙasar Kanada, Lorne Gold, ya tattara labarin motocin da suka ƙetare lafiya da waɗanda suka burma, ya fitar da wata ƙa'ida a 1971 wadda har yanzu da ita ake aiki. Ka auna kaurin da santimita, ka buga shi a kansa, sa'an nan ka buga abin da ya fita da wata lamba. Masu taka-tsantsan sukan ɗauki 4. Abin da ka samu shi ne kilo nawa za ta ɗauka. Santimita 25 ke nan ta ɗauki kilo 2,500, buhun gero 25. Santimita 50 ta ɗauki kilo 10,000, buhu 100. Mita guda ta ɗauki tan 40. Duba da kyau: kauri ya ninka sau 2, kaya ya ninka sau 4. Haka kuma in aka juya, gibin da ka raina a awo, hasararsa ta fi ƙarfin ganinka. Wanda ya zaci santimita 50 ce alhali 40 ce, ba buhu 20 ya yi kuskure ba, buhu 36 ne.

Kuma ba duk ƙanƙara ce ɗaya ba, kamar yadda ba duk shadda ce ɗaya ba. Akwai garau, wadda ruwan tafki ya daskare da kansa, in ka duba kana ganin duhun ruwa ta cikinta. Ita ce mai ƙarfi. Akwai fara, wadda dusar ƙanƙara ta jiƙe ta daskare, cike da kumfar iska. Ita rabin kaurinta ake ƙirgawa. Inda rafi ke shigowa tafki, ko inda ruwa ke matsewa tsakanin tsibirai biyu yana gudu, ƙanƙara takan yi siriri daga ƙasa alhali samanta bai nuna kome ba. Don haka sai a bi layin da abin huda, ana hudawa ana zura ma'auni, taki kaɗan a sake, a rubuta. Yanzu akwai na'urar da ake ja a bayan mota tana nuna kaurin, amma ba ta hana a huda a gani da ido ba.

In kaurin bai isa ba sai a noma shi, don kuwa noma ya fi kama da shi. Da farko a share dusar ƙanƙarar da ke bisa layin, domin ita bargo ce, tana hana sanyi ratsawa. Sa'an nan a huda, a sa injin ban ruwa ya zuƙo ruwa daga ƙasa ya malala a sama, ɗan kaɗan, kamar faɗin yatsa biyu, a bar shi ya daskare sarai kafin a ƙara wani. Mai gaggawa da ya malala da yawa lokaci guda, sama za ta daskare ta bar ruwa a tsakiya, ya sami ɓawo biyu marasa ƙarfi maimakon guda mai kauri.

Yadda ake yanka, da yadda ake nutsarwa

Bututun da aka fi amfani da shi yanzu na baƙar roba ne mai kauri, irin wanda ake gani a aikin famfo a nan ma. Ana jera gutsattsarinsa bisa ƙanƙara, a haɗa baki da baki: a goge bakunan biyu, a manna su jikin wani faifan ƙarfe mai zafin da ya haura digiri 200 har su yi laushi, a zare faifan, a matse su su zama abu guda. Da yake iska mai sanyi tana ɓata haɗin, sai a kafa tanti bisa injin. Wannan roba kuwa ta fi ruwa sauƙi kaɗan, ko an cika ta da ruwa ba ta nutsewa. Saboda haka ake sa mata munduwar siminti, ɓari biyu a ɗaure da noti, bayan kowane 'yan taki. Yawan munduwar ma da lissafi, domin watarana iska za ta taru a cikin bututun, musamman na ƙazanta, in nauyin bai isa ba sai a wayi gari ya taso saman tafki kamar mushe.

Sa'an nan a zo yanka. Ƙaramin aiki da zarton inji ake yinsa, irin na masu yankan katako amma mai dogon harshe. Babba kuwa akwai mota mai sarƙar haƙora da ke tafe tana tsagawa. In bututun siriri ne tsagar ba ta wuce taƙi ɗaya ko biyu ba, a tura gutsattsarin ƙanƙarar ƙarƙashi su tafi. In babba ne dole a ɗebe su, kuma nan wani nauyin ne ya fito. Tsaga mai faɗin mita 1, a ƙanƙara mai kaurin rabin mita, tsawon kilomita 1, abin da za a cire ya kai tan 460, lodin tirela 15 ke nan. In aka jibge shi a bakin tsagar sai ya danne ƙanƙarar, ruwa ya hau, don haka nesa ake kai shi.

Babban haɗarin yana nan. Lissafin Gold na ƙanƙara ce lafiyayya wadda ba a taɓa ba, kaya kuma yana wucewa. Da zarar an tsaga ta, bakin tsagar ya zama kamar bakin rufin soro da aka cire wa azara, abin da zai ɗauka ya ragu ƙwarai, sai a kiyasta rabi ko ƙasa da haka. Kuma ƙanƙara tana da wata ɗabi'a: abin da ta ɗauka yana tafiya ba lalle ta ɗauke shi yana tsaye ba. Mota in ta daɗe wuri guda sai ƙanƙarar ta riƙa lotsawa sannu sannu, ba ƙara ba motsi, har ta ɓalle. Shi ya sa sukan huda rami kusa da inji su riƙa duban ruwan ciki. In ya taso ya kai baki ya fara malala, to a janye injin nan take, ko da saura haɗi guda a gama.

Nutsarwar kanta da lallashi ake yi. A toshe bakunan bututun biyu yana cike da iska, a gangara shi cikin tsagar ya yi yawo. Sai a buɗe wa ruwa ta baki guda, a riƙa sakin iska kaɗan kaɗan ta ɗayan. Wajen da ruwa ya shiga ya sunkuya ya taɓa ƙasa, sauran na sama, tsakaninsu ya yi lanƙwasa kamar wuyan raƙumi, lanƙwasar tana tafiya gaba har ta kai waccan gaɓa. In mai riƙe da iskar ya saki da yawa, bututun ya rufta da gudu ya karye a gwiwa, aikin wata guda ya tashi a banza, kuma gyaransa sai mai nutso ya sauka cikin duhu ta wannan tsaga, da igiya a ƙugunsa, domin in ya ɓace wa tsagar babu wata ƙofa a sama. Kusa da gaɓa, inda ruwa ba zurfi kuma ƙanƙara kan kai har ƙasa, nan kam sai an haƙa an binne.

Wanda ya faɗa ruwan fa? Wani malamin jami'ar Manitoba, Gordon Giesbrecht, wanda ya sha shiga irin wannan ruwa da kansa don gwaji, ya taƙaita abin da lambobi uku. Minti 1 na farko numfashi ne ke ƙwacewa, mutum ya yi ta haki ba da sonsa ba, in kansa na cikin ruwa a lokacin shi ke nan. In ya tsira daga wannan yana da wajen minti 10 kafin hannuwansa su daina jin maganarsa. Suma kuwa ba ta zuwa sai bayan kamar sa'a 1. Ashe galibin waɗanda ke mutuwa ba sanyi ne ke kashe su kai tsaye ba, nutsewa suke yi tun da sauran ɗumi a jikinsu. Don haka ma'aikata ke sa riga mai hana nutsewa, su rataya wasu tsinkunan ƙarfe biyu a wuya don cakawa su jawo jikinsu, kuma ba a barin mutum guda ya yi aiki bakin tsaga.

Wani babban aiki irin wannan ba a tafki aka yi shi ba, a teku ne, arewacin Alaska ta ƙasar Amurka. Kamfanin BP ya taɓa mallakar rijiyoyin mai a wani tsibiri da aka gina da tsakuwa cikin tekun Bofot, ana kiran wurin Northstar, mil 6 daga gaɓa, kusan kilomita 10. A sanyin shekara ta 2000 suka yi ta malala ruwan teku har ƙanƙarar ta isa ɗaukar katafila. Suka tsaga ta, suka kwashe gutsattsarin da manyan motoci, sa'an nan katafila mai dogon hannu ta tsaya bisa ƙanƙarar tana miƙa hannu ta cikin tsagar tana haƙa rami a ƙasan teku, inda zurfin ruwa ya kai mita 11. Aka haɗa bututun ƙarfe biyu masu faɗin inci 10, ɗaya na fitar da mai, ɗaya na kai iskar gas, aka sauke su cikin ramin aka rufe da ƙasa wajen mita 2. Dalilin binnewar shi ne, a teku iska kan tara ƙanƙara ta yi tudu mai dogon gindi, in yana tafiya gindin ya riƙa karce ƙasan teku kamar garma. Mutanen wurin na asali, Inufiyat, waɗanda abincinsu ya dogara ga farautar ƙaton kifin nan da ake ce wa hut da Larabci, sun nuna tsoronsu, suka ce in mai ya tsiyaya ƙarƙashin ƙanƙara wa zai gani, wa kuma zai kwashe. Tambaya ce mai nauyi, kuma saboda irinta aka shimfiɗa wani siririn bututu a gefen na man, mai sansano ɗigo. Mai ya fara fita a ƙarshen 2001. A 2014 BP ya sayar da wurin ga kamfanin Hilcorp.

Akwai kuma tafkin da ya koya wa duniya wani abin da ba a sani ba, da tsada mai yawa. Lokacin yaƙin Hitila sojan Jamus suka kewaye birnin Leningirad na Rasha, wanda yau ake kira Sen Pitasbag, daga 8 ga Satumba 1941 har 27 ga Janairu 1944. Ba wata kafa sai tafkin Ladoga, mafi girman tafkunan Turai. A Nuwamba 1941 rabon burodi ya sauko giram 250 ga ma'aikaci, 125 ga sauran jama'a, a yini. Ran 22 ga watan motoci suka fara hawa ƙanƙara, hanyar wajen kilomita 30, direbobi na tuƙi ƙofa a buɗe don su yi tsalle in ta burma. Abin da ya ɗaure wa kowa kai shi ne, wani lokaci mota mai kaya ta wuce lafiya, marar nauyi ta burma. Wani masani, Pavel Kobeko, ya kafa ma'aunai bisa tafkin, aka gane cewa mota na tura igiyar ruwa a ƙarƙashin ƙanƙara, in gudunta ya yi daidai da gudun igiyar, wajen kilomita 35 a sa'a a wannan wuri, sai lotsawar ta ninka ta fasa. Aka ƙayyade gudu, aka sa tazara tsakanin motoci. A wannan sanyi aka shigar da kaya fiye da tan 360,000, aka fitar da mutum wajen rabin miliyan. Da ƙanƙarar ta narke a Afrilu 1942 sai man fetur ya zama abin tsoro, aka bi shawarar wata injiniya mai nutso, Nina Sokolova, aka shimfiɗa bututu a ƙasan tafkin cikin kwana 43, tsawonsa wajen kilomita 30, 21 daga ciki ƙarƙashin ruwa. Shi wannan daga bisa ruwa aka sauke shi, ba ta tsaga ba, amma ƙa'idar gudu da aka koya a Ladoga ita ce har yau ke bisa kowane mai hawa tafki da kaya.

Abin da ke damun masu wannan sana'a yanzu shi ne kwanakin aron suna raguwa. A 1693 wani ɗan kasuwa, Olof Ahlbom, ya fara rubuta ranar da ƙanƙarar kogin Torniyo ke fashewa kowace shekara, domin cinikinsa ya rataya a kanta, na bayansa suka ci gaba har yau. Da masana suka haɗa irin waɗannan littattafai na tafkuna da koguna na arewacin duniya, daga 1846 zuwa 1995, suka buga sakamakon a shekara ta 2000, sai aka ga a kowace shekara 100 daskarewa na jinkiri da kusan kwana 6, narkewa na gaggawa da kwana 6 da rabi. Kwana 12 ba kome ba ne ga mai shekara guda a hannu. Ga mai mako 8 kuwa, wanda rabinsu ke tafiya wajen noman ƙanƙara, babban gibi ne.

An ga haka a Kanada. Akwai wata hanyar sanyi da ke tashi daga kusa da garin Yalonaif zuwa ma'adinan lu'ulu'u na arewa, galibinta bisa tafkuna, ana buɗe ta wajen wata 2 a shekara, Fabrairu da Maris. Ba a barin mota ta hau sai ƙanƙara ta kai santimita 70, cikakken lodi kuwa sai ta haura mita guda, kuma mai kaya ba ya wuce kilomita 25 a sa'a. A 2006 sanyi bai yi ƙarfi ba, ƙanƙarar ba ta kai kaurin cikakken lodi yadda aka saba ba, aka rufe hanyar tun kaya na jibge, sauran sai da jirgin sama aka kai, da kuɗin da ɗan kasuwa ba ya son ji. Ƙaramin ɗan kwangila mai bututun ƙauye ba shi da jirgin sama. In Fabrairu ta shiga abin hudarsa yana nuna masa santimita 30 inda yake bukatar 50, ko dai ya ɗauki hayar jirgin ruwa da rani, ribar ta tafi can, ko ƙauyen ya ƙara shekara yana jira.

In kuwa an dace an nutsar, mai nutso ya bi ya ga bututun ya kwanta daidai, aka matsa masa ruwa aka ga ba ya ɗigo, to saura aiki guda. Cikin dare ɗaya ko biyu tsagar za ta yi ɓawo, dusar ƙanƙara ta rufe ta, ta saje da sauran tafki alhali ba ta ɗaukar ko yaro. Sai a saro rassan itace masu ganye a kakkafa su jere a gefenta tun daga wannan gaɓa har waccan, domin masunta da masu baburan ƙanƙara su gani su kauce. A gaɓar biyu kuma a kafa allo mai nuna cewa akwai bututu a nan, kada mai jirgi ya jefa anga. Rassan suna nan tsaye har ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, ran da ƙanƙarar ta yi baƙi ta farfashe, iska ta kora su gaɓa tare da ita.